Kalmar da Ta Rage wa Yaya

Ranar da hawan jini ya kayar da Yaya a bakin famfo, ya farka a gadon asibiti ɓarin jikinsa na dama a shanye, baki a karkace, kalma ɗaya tak ta rage masa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan teburin gyaran agogo yana cika masu kawo gyara da surutu har su manta abin da ya kawo su, yau ga shi magana duk ta gudu ta bar shi da “tsintsiya”. A miƙo masa ruwa, tsintsiya. Likita ya tambaye shi sunansa, tsintsiya. In ya faɗa kuma sai ya tsare mutum da ido yana jiran amsa, alamar shi a wajensa ya gama bayani.

Ƙanwarsa ce ta fara cewa ita ta gane. Kowa Gwaggo yake ce mata, ban da Yaya, wanda tun suna yara ya laƙaba mata Tsaf, domin ko wasan ƙasa za a yi sai ta share wurin tukuna. Girma bai rage ta da komai ba. Ta yi aikin shara a asibiti har ta zama shugabar masu shara, ta ajiye aiki da hannu mai warin maganin wanke ƙasa, da idon da ke hango ƙura a bayan ƙofa tun daga bakin titi. To irin wannan mata aka ce wa tsintsiya. Me kake so ta ji, in ba “je ki share” ba?

Kuma akwai abin sharewa. Tun rasuwar matarsa Yaya ya tattara kayan agogo ya koma kiwon kajin ƙwai a bayan gidansa, jajaye wajen arba’in, a wani dogon ɗaki mai ’yan tagogin raga can kusa da rufi, wanda ko da rana sai an kunna masa fitila. Kajin nan su ne hirarsa, su ke tashinsa da safe. Da Gwaggo ta kwaso kayanta ta tare a gidan don ta riƙe masa su kafin ya samu sauƙi, ta tura ƙofar ɗakin, sai da ta ja da baya ta riƙe haɓa.

Ba a ganin siminti ko tafin hannu. Busasshen ganye ne da dusar katako da ɓawon gyaɗa har idon sawu. A lungu ga tsohuwar tayar mota an cika ta da toka da yashi. Ga guntun bulo duk ya rarake. Sama kuwa, kowace ƙusa ta katakon rufi da igiyarta, kowace igiya da abin da take ɗauke da shi: kututturen kabeji, totuwar masara, murfin gwangwani, tufkar farin zare, da tsofaffin tsintsiyoyi a rataye baki ƙasa, duk sun cinye sun zama guntaye. Har ƙwan lantarkin ɗakin bai tsira ba, an shafe shi da jan fenti, yana ba da wani haske kamar na mai ciwon ido.

Dogo, babban ɗan Yaya, shi ya rako ta. Ya ciro waya ya yi ta ɗaukar hoto. Sai da suka fito tsakar gida ya ce mata ya daɗe yana zargin kan Baba ya fara taɓuwa, yau ya tabbatar. Mai cikakken hankali ba ya tsinto shara ya rataye. Ga shi kuma yanzu ba ya faɗin komai sai sunan abin da ya rataye. Don haka da zarar an sallame shi, zai wuce da shi gidansa can saman bene, a gyara masa ɗaki, a sayar da kajin, a rufe wannan gida.

Dogo ba mugun ɗa ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Tsoro ne ya kama shi, shi kuma in ya tsorata sai ya hau yanke hukunci. Amma Gwaggo ta san yayanta. A ɗora shi saman bene, ba kaza, ba tsakar gida, sai taga da talabijin, ai an binne shi ke nan da ransa. Ta ce wa Dogo wannan ƙazantar namijin da ke zaune shi kaɗai ce, ba hauka ba. Mutumin da ke kwance rai a hannun Allah amma yana tunanin a share masa ɗakin kaji, hankalinsa ya fi na wasu masu tafiya da ƙafafunsu. Suka ja, suka ja, daga ƙarshe Dogo ya ce to, in ranar sallama ta zo kaji suna lafiya, Baba kuma ya nuna ya san abin da duniya ke ciki, gidansa zai dawo. In ba haka ba, kar ta ƙara tayar da maganar.

Gwaggo ta ɗaura ɗamara. Ta bi igiyoyin nan da almakashi ɗaya bayan ɗaya. Ta kwashe ganye da dusa a baro ta jibge bayan katanga, ta mirgina tayar ta bi su. Ta so cinna wa tarin wuta, ruwan sama ya riga ta. Ta dirje siminti da buroshi har ya fito da asalin launinsa, ta shafe bango da farar ƙasa, ta jera mazuban abinci a layi kamar gadajen marasa lafiya. Jan ƙwan nan ta kwance shi ta sa fari mai haske tar, amma ba ta yar ba, ta jefa shi a aljihun tebur, domin ita ba ta zubar da abin da ke aiki. Ta tsaya a bakin ƙofa ta duba aikinta. Wallahi ko tiyata za a iya yi a ɗakin.

Da yamma ta tafi asibiti da albishir. Ta sunkuya kusa da kunnensa ta ce, “Na share, Yaya. Tas. Har igiyoyin nan duk na yanke.”

Ya kalle ta. Hannunsa mai lafiya ya damƙi zanen gado har jijiyoyi suka tashi. Ya ce tsintsiya, ya sake cewa tsintsiya, sannan ya juya fuska bango, hawaye na bin gefen hancinsa. Matar Dogo, da ke zaune tana ɓare masa lemo, ta ce haka ciwon yake, sai mutum ya yi ta kuka ba dalili. Gwaggo kuwa ta koma gida tana tunanin wane lungu ta manta. Daga ranar ta mai da sharar sau biyu, safe da yamma, kuma duk zuwanta asibiti sai ta ba shi rahoto.

Abin da ya fara ɗaure mata kai, mai shara ce kaɗai za ta lura da shi. A farkon zuwanta, duk sharar da ta yi sai ta tara ’yan ƙananan gashin kaza a gaban tsintsiya, irin masu laushin nan da ke tashi in an yi numfashi. Sannu a hankali suka ɗauke, ta daina ganin ko ɗaya. Amma kuma a lokacin ne bayan kajin ya fara buɗewa, daga gindin wutsiya zuwa sama, fata tana leƙowa. Gashi yana barin jikin kaza, bai iso ƙasa ba. To ina yake zuwa? Ta leƙa bayan mazubai, ta duba magudanar ruwa, ta zargi ɓera, ta zargi iska. Ta kai har in tana cin abinci sai ta tsaya da cokali a hannu tana lissafin gashin kaza. Ƙwai ma ya fara ja da baya.

Ta kira mai maganin dabbobi na bakin titi, wani mai saurin baki da ba ya bari a gama tambaya. Ya cafki kaza ɗaya, ya buɗa gashinta, ya hura, ya ce ba ƙwarƙwata, ba cuta. Cin juna ne, halin kajin ƙwai ke nan, mugunta ce da su. Ya ce yana da injin da ke ƙone tsinin baki, a bi su ɗaya bayan ɗaya a dakushe su, ko sun sari juna ba za su yi rauni ba. Ya ce ita dai ta sa masa rana kawai.

Gwaggo ta ce za ta neme shi. Da ya fita ta tsaya tana jujjuya maganar. Mai gida ya dawo baki a karkace, ya tarar da kajinsa baki a guntule? Ina, ba da ita ba. Sannan maganar mugunta ba ta shige ta ba. Kajin nan a hannun Yaya suke tun suna ’yan tsaki, kuma ranar da ta zo ta same su sumul-sumul, ko wace gashinta a kwance. Mugunta ba ta jira sai mai gida ya kwanta asibiti sannan ta sauka.

Washegari da hantsi ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta ɗauki kujera ’yar tsugune ta shiga ɗaki ta zauna, ba don ta yi aikin komai ba, sai don ta kalla. Da farko hannuwanta suka rasa inda za su sa kansu, ta danne su a tsakanin gwiwoyi.

Ta zuba abinci. Kafin ta gyara zama sun share mazubai. Shi ke nan, aikin yini ya ƙare, ga rana ko tsakiya ba ta kai ba. Suka tsaya cirko-cirko. Wata ta taka zuwa bango, ta dawo. Wata ta tona siminti da ƙafar dama, ta tona da ta hagu, ta ja da baya ta sunkuya ta duba abin da ta tono. Ba komai. Ta sake tonawa, ta sake dubawa, kamar ba ta yarda da idonta ba. Can a lungun da taya take a da, wata ta kwanta ta ware fiffike tana birgima a kan busasshen siminti, tana watsa wa bayanta tokar da babu ita. 

Sai ta ga inda gashi ke zuwa. Wata ƙatuwa ta zagayo bayan wata ’yar ƙarama mai hasken gashi, ta karkata kai ta ƙare wa gindin wutsiyarta kallo, ta kama gashi ɗaya, ta tsige, ta ɗan jujjuya shi a baki, ta haɗiye. Ba fushi, ba tayar da wuya. Gwaggo ta san faɗan kaji, gaba da gaba ake yin sa, a nemi jan tsoron kai da ido. Wannan ba faɗa ba ne. Yadda ƙatuwar ta natsu, sai ka ce mace na tsince tsakuwa a shinkafa. Ita kuwa ’yar ƙaramar ta ɗan zabura, ta matsa, ta tsaya, aka sake tsigewa. Da jini ya ɗigo, farin hasken nan ya haska shi jawur, sai ga sauran sun yo ca a kanta.

Gwaggo ta kore su, ta ɗauke ta. Ta wanke mata ciwon, ta sa mata suna Haƙuri, ta kife ta da kwando a kicin. Kaza a kicin ɗin Gwaggo! Da wani ya faɗa mata haka bara, da ta ce a kai shi a duba kansa. Amma ɗauke Haƙuri bai kashe maganar ba, kafin yamma sun zaɓi wata.

Ta ci gaba da zaman kallo. Abin ya fara shiga ranta, har ta kan manta da shayinta ya huce. Ta gane ba dukansu ke tsiga ba, akwai gwanaye, saura ’yan koyo ne. Ta gane abin ya fi tsananta bayan sun yi ƙwai, lokacin da ba sauran abin jira. Ta kuma lura in ta zauna shiru sai su kewaye ta, wannan ta ja zaren bakin zaninta, wannan ta caki maɓallin rigarta, waccan ta gwada farcen ƙafarta. Duk lokacin da suke kanta, ba wadda ke taɓa ’yar’uwarta. Ta ce a ranta, to ni yanzu sai in tare a nan in zama abin wasan kaji?

Tana cikin sharar yamma wayarta ta yi ƙara. Ɗakin ba ya kama waya sosai, sai ta jingine tsintsiyar a bango ta fita tsakar gida. Dogo ne. Ya ce likita ya ce ƙarshen mako za a sallami Baba. Zai biyo da shi gida ya kwashi tufafinsa, ya ga kajin, in ma zai gane su. Ya riga ya yi magana da mai sayen kajin. Ya tambayi lafiyar kajin, ta ce suna nan. Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta faɗi gaskiya ba. Ya kashe wayar. Kaji a fige, Yaya da kalma ɗaya, da me za ta tare Dogo?

Tun kafin ta tura ƙofa ta ji sautin ɗakin ya sauya. Babu ƙarar nan ta wadda aka tsige. Wani ɗan gunaguni ne ƙasa-ƙasa, irin na masu aikin da ya yi musu daɗi. Tsintsiyar ta zame ta faɗi, kajin kuma duk sun rufu a kanta. Wannan ta ja tsinke, ya ƙi fita, ta ƙara ja. Waccan ta samu ta zare ɗaya ta ruga da shi, biyu suka bi ta. Ƙatuwar nan, gwanar tsiga, ta hau kan tsintsiyar da ƙafa biyu tana tono tana caccaka, wadda ta saba figewa na tsaye a gefenta ko kallo ba ta ishe ta ba.

Hannun Gwaggo ya tafi zai ƙwace, domin sabuwar tsintsiya ce. A hanya ya tsaya. Ta ɗauka dai, amma a hankali, ta fitar da ita waje ta dawo ta zauna. Ba a jima ba aka koma cirko-cirko, ƙatuwar ta fara zagaya bayan wata. Ta shigo da tsintsiyar ta ajiye. Suka bar juna suka yo kanta. Ta sake fitarwa, ta sake shigowa, tsohuwa da ita, kamar yaron da ya gano makunnin fitila. Har ta fara dariya ita kaɗai. Sannan ta ɗaga kai, idonta ya faɗa kan katakon rufi. Kowace ƙusa da guntun igiya a jikinta, bakin a yanke sumul, yankan almakashinta.

Dariyar ta tsaya. Ta zauna a kan simintin. Ashe Yaya bai taɓa cewa a share ba. Yana kwance ya san tsintsiyoyin da ya rataye sun cinye, ya san abin da zai biyo baya in ba a sa sababbi ba, ya tattara duk abin da ya rage masa na magana ya zuba a kalma ɗaya. Ita kuma kullum sai ta je ta sunkuya a kunnensa ta ce ta share tas. Ta tuna yadda yake juya fuska bango. Kunya da tausayi suka haɗu suka danne ta, ta yi kuka sosai, kaji na jan zaren zaninta.

Ba ta bari gari ya sake wayewa a banza ba. Ta zagaya bayan katanga ta tona jiƙaƙƙen tarin nan da hannunta, hannun da ko ƙofar banɗakin wani ba ya taɓawa sai da tsumma. Ta zaro murafun gwangwani, ta zaro bulo, ta wanke tayar ta mirgino ta. Ta je gidan burodi ta roƙi toka, ta je wurin kafinta ta roƙi dusar katako, ta bi masu kayan miya tana tambayar kututturen kabeji. Maƙwabta suka leƙo suka ga Gwaggo na share ganyen bishiyar bakin titi, suka ce hali dai ba ya sauyawa. Da suka ga ta ɗaure shi a buhu ta shige da shi gida, sai suka kalli juna. Ta sayo tsintsiyoyi sababbi dal ta rataye su baki ƙasa, ta yi ta gwada tsayin igiya har ta gane sai kaza ta ɗan miƙa wuya abin ya fi jan hankalinta. Ta watsa ɗan hatsi cikin ganye don su nema da kansu. Ta kira mai maganin dabbobi ta ce ya bar injinsa ya huta.

Ba za a ce tsiga ta ɗauke kamar an yanke da wuƙa ba. Ƙatuwar nan ta riga ta koyi sana’a, takan waiwaya lokaci-lokaci, musamman in ta hango jan ciwo. Amma abin ya ragu ƙwarai, kuma da safe Gwaggo ta ga ɗan gashi ɗaya kwance a kan ganye ba wadda ta kula shi. Ba ta taɓa murnar ganin datti irin ta ranar ba.

Ta je asibiti, ta sunkuya inda ta saba sunkuyawa. “Yaya, na rataye. Sababbi. Na mai da toka.”

Ya kalle ta. Sannan ya lumshe ido, ya saki wani dogon numfashi, hannunsa ya saki zanen gado. Daga wannan lokaci bai sake cewa tsintsiya ba. Me zai sake faɗa, an riga an ji? Amma ka ji yadda abu ke juyewa. Dogo ya kira ta a waya muryarsa a dushe, ya ce jikin Baba ya ƙara lalacewa, ’yar kalma ɗayar ma ta tafi. Ta yi masa bayani, ya saurara da ladabi, ya ce Gwaggo, ki daina wahalar da kanki.

Ranar sallama hadari ya haɗo tun da hantsi, gari ya yi duhu-duhu. Dogo ya turo Yaya a keken asibiti har bakin ɗakin kaji, Gwaggo ta buɗe ƙofa. Ya ga ganye har idon sawu, ya ga igiyoyi na lilo, ya ga kaji da baya a buɗe kamar an fara fige su aka fasa. Ya juyo ya kalle ta, tsoron nan ya dawo idonsa.

“Gwaggo, ke ma?”

“Tsaya ka kalla, ɗan nan. Ni ma sai da na tsaya.”

Yaya bai kula su ba. Idonsa ya shiga bin ɗakin ƙusa bayan ƙusa, yadda yake bin cikin agogo in ya buɗe bayansa. Ya duba tayar, inda kaji biyu ke birgima toka na tashi. Ya duba bulo. Ya duba Haƙuri, da aka mai da cikin ’yan’uwanta, ɓawon ciwonta na ƙyalli a farin haske, ƙatuwar nan kuma ta fara karkata kai tana auna shi. Sai ya yamutsa fuska. Bakinsa ya hau rawa, ya yi ta kokawa da harshe har gumi ya tsatsafo masa.

“Ƙwai,” ya ce.

Dogo ya zabura. Sabuwar kalma ce, ko ba komai. Ya kutsa cikin ganye da takalminsa mai tsada, ya lalubo ƙwai mai ɗumi a akwatin kwanciya, ya zo ya sa a tafin uban. Ya ce ga shi, Baba, ƙwai, da irin muryar da ake yi wa ƙaramin yaro. Yaya ya riƙe ƙwan. Bai kalle shi ba. Ya tsare Gwaggo da idon nan na mai jiran amsa.

Saura kaɗan ta ce madalla, Yaya ya gane ƙwai. Sai ta kama bakinta. An yi mata sau ɗaya, ba za a sake ba. Ta bar kalmar ta bi idon. Idon ya bar fuskarta ya hau sama, ya wuce tsintsiyoyi, ya wuce ƙusoshi, ya tsaya a kan farin ƙwan lantarkin da ta sa da hannunta.

Ta juya ta nufi cikin gida da saurin da ta manta tana da shi. Ta jawo aljihun tebur, ta dawo da jan ƙwan nan mai fenti, ta miƙa wa Dogo. Shi ba ya bukatar kujera. Ya naɗe hannu da hankici, ya kwance farin, ya ɗaura jan, fuskarsa na nuna yana yi ne don kar ya saɓa wa manya.

Ɗakin ya koma ja-ja, hasken ya kwanta. Dogo ya dubi kajin. Ciwon da ke bayan Haƙuri, wanda yanzun nan yake ɗaukar ido, ya saje da gashinta, sai ka ƙura ido sosai za ka gane wurin. Ƙatuwar ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta nemi abin da take auna ta rasa. Ta tsaya jim, sannan ta taka ta tafi wajen kabeji.

Dogo ya dubi farin ƙwan da ke hannunsa. Sannan ya durƙusa a gaban keken, a cikin ganyen, ya koma muryarsa ta da, wadda yake tambayar uban abu da ita tun yana yaro.

“Baba, don kar su ga jinin ne?”

Yaya ya gyaɗa kai. Ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga, murmushin da rabonsu da shi tun kafin faɗuwar.

Dogo ya miƙe ya fita bai kalli kowa ba. Gwaggo ta jiyo shi a tsakar gida yana ce wa wani a waya ya yi haƙuri, an fasa. Ta jiyo buɗe bayan mota, sannan takunsa ya wuce da jakar asibiti zuwa ɗakin Yaya. Ya jima a ciki, fiye da yadda ajiye jaka ke bukata.

Suka rage su biyu a bakin ƙofa. Kaji na ta tono, ganye da dusa na tsallake dokin ƙofa suna zubowa kan simintin tsakar gida, har kan ƙafar keken. Gwaggo ba ta ma san ta sunkuya ba. Tsintsiyoyin gidan duk suna rataye, don haka da tafin hannu ta fara tattarawa.

“Tsaf.”

Ta daskare a sunkuye. Ta riga ta cire rai da sake jin sunan nan a duniya. Ta ɗago, ya sake kokawa da harshen, ita kuma ta jira, ba ta taya shi ba, ba ta ce ta gane ba, har ya fito da ita da kansa.

“Bari.”

Ta buɗe hannu ganyen ya zube inda yake. Ta goge ido da bakin mayafi, ta jawo kujera ’yar tsugune ta zauna kusa da ƙafarsa.

“Na ji, Yaya,” ta ce. Kuma wannan karon ta ji ɗin.